Tsuntsun Kawu

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Ba zan rubuta sunansa ba, ko a nan da babu mai karantawa sai ni. Kawu zan ce, dama abin da nake ce masa ke nan.

Su Inna Marlene, matarsa, sun bar gidan tun jiya. Suna zaman makoki a bakin busasshen kogi, bayan unguwa. Na kai musu barguna da gari da ganyen shayi. Inna ta aske kanta, ta shafa farar ƙasa, ta rufe bakinta kamar yadda matan mamaci ke yi, da hannu kawai take magana. Kelvin, babban ɗansu, ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce, "'Yar birni, kin sa wani abu a cikinki kuwa?" Shekaru nawa da barowata Adelaide na dawo garinmu Alice a tsakiyar hamada, har yau 'yar birni ce ni a bakinsa. Na ce na ci. Ya kalle ni, ya je ya karyo mini burodi.

Talata, da rana

Zafi ya fara, kamar kowane Nuwamba a nan. Ban buɗe kwamfuta ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Na aika wa Lachlan saƙo cewa an yi mana rasuwa, kada a neme ni kwana biyu. Ya tambaya, "Wane kawun? Mai tsuntsun?" Na ce shi. Ya ce zai gaya wa sauran.

Lachlan yana Melbourne, shi ke jan ragamar manhajar ruwa. Sauran kuwa suna warwatse a duniya, yawancinsu ban taɓa jin muryarsu ba, kowa yana sa hannu kyauta in ya tashi daga aikinsa. Su ke rubuta abin da ke nuna wane tanki da wace rijiya a hanyoyin daji ke da ruwa, wace ta ƙafe. Ni kuma nawa shi ne fuskar abin: launi, haruffa, alamomi, inda yatsa zai taɓa.

Tambarin ne kaɗai ba nawa ba. Na yi wata guda ina zana ɗigon ruwa iri-iri, duk kamar tallan kamfanin lemo. Kawu ya leƙo ya ce, "Wannan hawaye ne ko me?" Ya yagi kwalin shayi, ya ja layi ɗaya bai ɗaga alƙalami ba, sai ga ɗan tsuntsun nan mai jan baki wanda ba ya nisa da ruwa. Da na yi masa bayanin lasisinmu, cewa kowa a duniya zai iya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, kuma in an bayar ba a karɓewa, sai ya ce, "To da can na waye tsuntsun? Ba su."

Babu wanda ke kiran manhajar da sunanta. Kowa cewa yake, duba tsuntsu. Tsofaffin da ba sa karatu da shi suke gane ta a cikin waya.

Na rubuta duk wannan ne don in daina tunanin kujerarsa a ɗakin wankin ƙoda. Bai yi aiki ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da azahar



Kelvin ya kira ni da safe, babu ko gaisuwa. Ya ce, "Renita, me kuka sa a wayar uwata?"

'Yan'uwa suna tahowa daga yamma, Inna ta buɗe waya ta duba musu tankin da ke kan hanya. Tana taɓa tsuntsu sai ga fuskar mijinta ta cika wayar, yana dariya, da hular nan tasa. A ƙasa cikakken sunansa da manyan haruffa. Tsuntsun kuma an ɗaura masa baƙin ƙyalle a wuya. Ta wurga wayar cikin yashi. Kelvin ya ce kukan da ta yi ya fi na ranar farko.

Ni na ɗauki hoton nan ranar da muka ƙaddamar da manhajar. Yana cikin kayan aikin, kowa na iya ɗauka.

Na kira Lachlan na zazzage masa tas. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ren, haka ake yi. Duk wanda ya rasu a cikinmu, sabon zubin manhajar da zai fita na gaba nasa ne. Mutum huɗu suka bar aikinsu suka haɗa wannan don a girmama shi."

Na ce, "Ku haka kuke yi. Mu ba ma kiran sunan, ba ma kallon fuskar. Gidan da ya kwana ma an bar shi. Ka san wannan, Lachlan, ana faɗa a talabijin kullum kafin a nuna hoton tsofaffinmu."

Ya ce, "Na sani. Ban haɗa shi da wannan ba. A kaina shi namu ne."

Sai ya fara kuka, babban mutum da gemu. Ni kuwa na shirya wa faɗa ne, ba wa wannan ba. Kafin la'asar ya cire hoton da sunan, ya tura gyara. Amma wayar da ta riga ta karɓa ta karɓa, sai ta sake samun sabis, kuma a daji sabis ba kullum ba ne.

Lahadi, da yamma

Na je na zauna can nesa da Inna. Ba ta kore ni ba, ba ta kalle ni ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Kelvin ya zo gida da saƙon dangi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga, wai kada ya ga wani abu a bangona. Yana da gaskiya, kwalin shayin yana nan a rataye. Na cire na sa a ƙasan akwati, sannan ya shigo.

Ya ce hoto ya fita, suna ya fita, sun gode. Saura tsuntsun.

Na ce, "Har da tsuntsun?"

"Hannunsa ne ya zana. Duk wanda ya san shi, in ya ga tsuntsun shi yake gani."

"Har yaushe?"

"Sai Inna ta ce. Wataƙila shekara, wataƙila biyu. Wataƙila ba ta ce ba."

Za a kai shi ƙasar kakanninsa a binne a ƙarshen wata, can arewa maso yamma, tafiyar yini guda a hanyar da babu kwalta. Mutane za su taho daga ko'ina a tsofaffin motoci, da yara da tsofaffi, a wannan zafin. Kuma tun ranar Asabar labari ya zagaya, kowa ya daina taɓa tsuntsu. Kelvin ya ce, "Ki sa musu wani abu da za su iya kallo kafin ranar. Ke ce mai zane, ko ba haka kike gaya wa mutane ba?"

Na ce to. Na faɗa kamar an ce in sayo sukari.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Lachlan ya sanar a dandalin aikin cewa za a sauya tambari bisa roƙon iyali. Shi ke nan wuta ta tashi.

Wata mata daga Toronto, wadda ban taɓa ganin ta gyara ko waƙafi a aikin nan ba, ta rubuta dogon bayani cewa ga shi nan kuma, mutum ɗaya tilo ɗan asalin ƙasa a cikin aikin, yana mutuwa farar fata sun goge shi. Mutane suka bi ta yuu. Kowa ya zo sai ya rubuta cikakken sunan, wai don kada a manta da shi. Wani ya sa hoton a matsayin hoton kansa a dandalin. Duk saƙon da aka rubuta kuma yana faɗowa wayata, ting, ting, sunan Kawu, sunan Kawu.

Na rubuta musu cewa ni 'yar ƙanwarsa ce, iyali ne suka nema, don Allah a daina kiran sunan. Wani ya ce in kawo hujja. Hujja fa. Ya so in ɗauko masa hoton Inna cikin farar ƙasa ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙaunarsa suke yi. Da zaginsa suke yi da na san yadda zan yi da su.

Alhamis, da rana

Na kashe ƙarar wayar.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da la'asar

A cikin tarin hayaniyar akwai saƙo ɗaya mai hankali. Wani Ignacio daga Chile. Ashe sun ɗebi aikinmu tun bara sun yi nasu don makiyayan awaki a hamadarsu. Bai rubuta sunan ba, "kawunki" ya ce. Ya ce tsofaffinsu ma tsuntsu suke kiranta, amma in iyali sun ce a cire, gobe zai cire.

Na tambayi Kelvin. Ya ce, "Ina ne Chile?" Na nuna masa a taswira. Ya ce, "Inna ko birnin Darwin na nan ƙasar ba ta taɓa zuwa ba. Su riƙe abinsu."

Na kuma gaya masa sunan yana nan a can cikin tarihin aikin, inda ake ajiye sunan duk wanda ya taɓa sa hannu, kuma in aka goge, aikin kowa zai tarwatse. Ya ce, "Su wa ke shiga can?" Na ce masu rubuta manhaja. Ya ce, "Irin su Lachlan? Ai waɗannan ko rana ba sa gani, bar musu." Na yi dariya, karo na farko. Sai na ji kunya.

Na ji daɗi cewa tsuntsun zai ci gaba da tashi a wani wuri. Na kuma ji haushi cewa wani makiyayi da bai taɓa shan shayi da Kawu ba zai riƙa ganinsa kullum, ni kuma an hana ni.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da safe

Zanen farko: reshe, babu kowa a kai. Na ga ya yi kyau. Na buga a takarda na ba Kelvin ya kai.

Lahadi, da yamma

Ya dawo da ita a ninke. Inna ta ce ai reshen da yake zama ne, duk mai ido zai ga wanda ya tashi.

Ta fi ni gaskiya. Da gangan na yi, na ɗauka ba za a gane ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Zane na biyu: tanki a kan ƙafafunsa, da famfo. Babu tsuntsu, babu reshe, babu jan launi ko ɗis. Yini biyu na yi a kansa. Wannan karon ni na kai da kaina.

Inna ta karɓa, ta ɗan duba, ta kife takardar a ƙasa ta ɗora kofi a kai. Ta yi magana da hannu. Ni ban iya maganar hannu sosai ba, abin da ake samu ke nan in an girma a Adelaide, sai Kelvin ya fassara.

"Ta ce hannunsa ne."

Na ce, "Haba Inna, tanki ne fa. Ni na zana jiya a ɗakina."

Ta sake motsa yatsu. Kelvin ya ce, "Ta ce ki dubi yadda layin ke farawa siriri ya ƙare da kauri. Ki dubi yadda ba kya rufe da'ira, kina barin ƙofa. Wa ke yin haka?"

Na dawo gida na buɗe duk aikin da na taɓa yi, na kamfanoni, na asibitin yara, har katin bikin ƙawata. Duk da'irar da na zana a buɗe take. Duk layi yana ƙarewa da kauri. A makarantar zane an sha yaba mini wannan, suna cewa salona ne, ni ma na yarda. Ashe tun ina 'yar shekara bakwai, in an kawo ni hutu, da yake kama yatsana yana ja a cikin yashi, abin ya shiga.

To da hannun wa zan zana?

Laraba, da rana

Ban zana komai ba. Na wanke firiji.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da safe

Lachlan ya kira a hankali, kamar mai taka ƙwai. Ya ce akwai wata mai zane a Poland, gwana ce, ta ce za ta yi mana cikin yini ɗaya in na gaji. Na ce masa in ya ƙara kawo mini maganar Poland zan hau jirgi in zo Melbourne in aske masa gemu. Ya ce, "Na ji." Bawan Allah, tun ranar nan duk abin da na ce sai ya ce ya ji.

Amma da na kashe waya na yi tunani. Matar ba ta san shi ba, ba yadda za a yi hannunsa ya fito a nata. Shi ne mafi sauƙi. Na je na gaya wa Kelvin, ya shiga wurin Inna ya fito.

"Ta ce a'a. Baƙuwa za ta iya sa shi a ciki ba ta sani ba, tunda ta ga tsuntsun. Ke kaɗai kika san duk inda yake, ke za ki iya cire shi."

Na ce, "Ta san abin da take nema a wurina kuwa?"

Ya ce, "Ita ta bar gidan da suka yi shekara arba'in a ciki da kayan jikinta kawai. Ina jin ta sani."



Asabar, 22 ga Nuwamba, da azahar

Motar surukan Kelvin ta tsaya jiya a hanyar yamma. Lagireto ya tafasa, suka lallaba har tankin da suka saba, suka tarar ya bushe ƙaf. Sun yi yini a inuwar mota kafin wani mai kai kaya ya wuce. Yaran lafiya lau. Kakarsu tana asibiti ana ƙara mata ruwa.

Na duba. Tun makon jiya wani direba ya sa alama a manhajar cewa tankin nan babu ruwa. Bayanin yana nan a aljihun mutum uku a cikin motar, babu wanda ya iya taɓawa.

Ni kuma ina nan ina wanke firiji.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Na kulle alƙalamin zane a cikin mota don kada in ɗauka. Na buɗe kwamfuta, na shimfiɗa layukan awo, na kama linzamin kwamfutar da hannun hagu.

Jarka nake yi, irin shuɗiyar nan da ke bayan kowace mota. Murabba'i ɗaya babba, ƙarami a sama, marfi, mariƙi. Kowane layi kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Kowace kusurwa a rufe ruf. Duk inda na ji abin ya fara yi mini kyau, na san shi ne, sai in goge in sake. Sau da yawa na ga hannuna yana so ya ɗan lanƙwasa mariƙin, kaɗan kawai, yadda zai yi kamar wuyan wani abu mai rai. Na hana shi.

Shuɗi a kan rawaya, don a gani a tsakar rana, kuma masu raunin ido su gani. Na ƙanƙanta ta kamar ƙwayar wake, har yanzu jarka ce.

Ban taɓa yin mummunan abu irin wannan ba tun da na fara aiki.

Litinin, da safe

Na nuna wa wani tsoho a bakin shago, ban ce masa komai ba. Ya matso da takardar kusa da hancinsa ya ce, "Jarkar ruwa ce. Sayarwa kike yi?"

Talata, 25 ga Nuwamba, da la'asar

Na sa sabon zubin a wayar Inna, wadda Kelvin ya tono daga yashi ya ajiye tun ranar. Na kai mata da hantsi. Mata suna ta ɗaure kaya, jibi za a kama hanya.

Na miƙa mata, ta ƙi karɓa. Sai na kunna na riƙe a gabanta. Ta daɗe tana kallo, ta sa na matso da ita, ta bi gefen jarkar da ido kusurwa bayan kusurwa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ni dai wallahi ban san wace amsa nake so ba. Rabin raina yana roƙon ta kife wayar.

Ta ɗaga hannu ta yi magana. Kelvin ya fassara.

"Ta ce babu shi a ciki. Ko kaɗan."

Ta karɓi wayar, ta taɓa jarkar da ɗan yatsa, taswira ta buɗe. Ta yafito ƙanwarta ta nuna mata tankunan hanyar arewa, wanda ke da ruwa da wanda babu. Nan da nan mata suka kewaye ta, kowa tana miƙo tata wayar a sa mata. Wata ta ce, "A duba jarka, a ga ko na mararraba ya cika." Har sun ba ta suna.

Na kira Lachlan na ce ya tura wa kowa. Ya ce, "Ren, kin tabbata?" Na ce iyali sun karɓa. Ya ce aikin ya yi tsabta ƙwarai, ana gane shi daga nesa. Na ce na gode. Ba a taɓa yaba mini aiki na ji ciwo irin na yau ba.

Na yi niyyar in na isa gida in rufe ƙofa, in buɗe wayata in ƙara kallon tsuntsun sau ɗaya, ni kaɗai, kafin gyaran ya iso. Sai na biya shago sayen ƙanƙara da burodi na tafiya, layi ya yi tsawo, kuma shagon yana da intanet na kyauta. Wayar ta sabunta kanta a cikin jakata, ko tambayata ba ta yi ba.

Da na fito na duba, jarka ce.